Yadda Ake Auna Kaurin Mai da Zuma da Kunu da Kayan Kasuwa

Bakanike in yana so ya san ko man inji ya mutu, sai ya zaro sandar awon mai, ya shafo kaɗan a yatsa, ya murza da babban yatsa. Abu uku ya yi ba tare da ya lissafa ba: ya sa mai tsakanin fuska biyu, ya motsa ɗaya a kan ɗaya, ya kuma ji irin turjiyar da man ya yi masa. Na'urar auna kauri ta ɗakin gwaji, komai tsadarta, aikin da take yi ke nan, sai dai ita tana fitar da lambobi. Wannan jagora ta malaman fiziks ce da ɗaliban kwalejojin fasaha, waɗanda aka ba su dokar kauri a allo amma ba a taɓa ba su abin gwada ta ba. Kayan da ake buƙata duk ana samun su a kemis da wajen mai gyaran keke.

Dokar kanta

Ɗauki faranti biyu shimfiɗaɗɗu, ka zuba mai a tsakaninsu, na ƙasa a tsaye, na sama kana jan sa gefe. Man da ya taɓa farantin ƙasa ba ya motsi ko kaɗan, wanda ya taɓa na sama kuma yana tafiya da saurin farantin. Wannan mannewa gaskiya ce har ga iska, shi ya sa ƙurar hunturu take kwanciya a kan fukafukan fanka, ta yi ta juyawa ba ta kakkaɓe ba. Tsakanin faranti biyun, man yana zamewa hawa-hawa, kamar takardun littafi mai kauri in ka ɗora tafin hannu a bangonsa ka tura gefe.

Akwai adadi biyu da za ka riƙe. Na farko ƙarfin goga: ƙarfin da kake jan farantin da shi, a raba da faɗin fuskarsa. Ana auna shi da paskal, wato niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya. Na biyu saurin zamewa: saurin farantin sama, a raba da tazarar da ke tsakanin faranti biyun. Mita a sakan ce aka raba da mita, saboda haka ma'auninsa kawai "a kowane sakan". Isaac Newton, a littafinsa na 1687, ya ɗauka cewa waɗannan biyun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa: ka ninka ɗaya, ɗayan ya ninku. Lambar da ke haɗa su ita ce kauri.

ƙarfin goga = kauri × saurin zamewa

Ma'aunin kauri paskal-sakan ne. Ruwan sha a digiri 20 yana da kusan 0.001, iska kusan 0.000018, gilisarin tsantsa kusan 1.4, zuma kuwa tsakanin 2 da 10, gwargwadon ruwan da ke cikinta. Gwada da lamba: faranti mai santimita 10 kowane gefe, tazara milimita 1, sauri santimita 10 a sakan. Saurin zamewa ya zama 100 a sakan. Da ruwan sha, ƙarfin goga paskal 0.1 ne, jan da za ka yi bai fi niyuton 0.001 ba, hannu ma ba zai ji shi ba. Da zuma mai kauri 5, paskal 500 ne, wato niyuton 5, nauyin rabin kilo. Yanzu rage tazarar zuwa rabin milimita ba tare da ka canja sauri ba: jan ya ninku biyu. A nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, don sun haddace cewa sauri ne ke kawo turjiya. Bambancin sauri tsakanin hawa da hawa shi ke kawo ta.

Ka kuma bambance wannan da roba. In ka ja roba, turjiyarta ta dogara da nisan da ka ja ta, kuma tana nan muddin kana riƙe. Mai bai damu da nisan da farantin ya yi tafiya ba. Ka tsaya, turjiyar ta ɓace nan take. Ka tafi a hankali ƙwarai, ƙarfi kaɗan ya isa. Shi ya sa kwalta, wadda guduma ke fasawa, take kwarara in an ba ta lokaci. Thomas Parnell ya zuba irinta a mazurari a Jami'ar Queensland ta Ostareliya a 1927, kuma ɗigo na tara ya sauka a 2014.

Gwaji na farko: robar ƙarin ruwa

Wannan shi ne gwajin da ya fi cancantar lokacinka, domin kai kake zaɓen ƙarfin gogar da kanka, ka ga yadda saurin zamewa yake amsawa.

Sayi sabuwar robar ƙarin ruwa a kemis. Sabuwa cikin ledarta. Kada ka kuskura ka ɗauko wadda aka yi wa majinyaci amfani da ita. Yanke allurar da ɗan kwanon da ɗigo ke sauka a ciki, cire maƙunshin nan mai taya, ka bar zallar robar, tsawon mita ɗaya daidai. Sai ka nemi roba mai faɗin baki, irin ta fenti ko bokiti ƙarami, ka huda ta kusa da gindi, ka cusa bakin robar ka liƙe da gam. Faɗin bakin yana da dalili: in mazubin tsukakke ne, saman man zai riƙa sauka kana cikin awo, matsin ya canja. Sauran kayan: sirinji na mililita 20, tef na tela, agogon waya, da ma'aunin zafi.

Kafin komai auna faɗin ramin robar, kuma kada ka yi shi da rula. Cika robar da ruwa ta hanyar sirinji ka ga mililita nawa ta sha. In mita ɗaya ta ɗauki mililita 7.1, raba da santimita 100, sannan ka raba da 3.14, ka ɗauki tushen murabba'i: rabin faɗin ramin ya fito santimita 0.15, wato milimita 1.5. Wannan wahalar dole ce, saboda yawan kwarara yana bin rabin faɗi sau kansa har huɗu. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a nan zai zama fiye da kashi 20 a sakamako. Wani injiniyan Jamus, Gotthilf Hagen, a 1839, da wani likitan Faransa, Jean Poiseuille, wanda gudanar jini ta dame shi, a kusan 1840, su suka gano haka kowa da kansa. Bayan awon, busar da robar sosai kafin mai ya shiga.

Zuba man gyaɗa. Ɗora mazubin a kan tebur, ka ɗaure bakin robar na waje a jikin sanda ta yadda zai zama santimita 25 ƙasa da saman man. Daga saman man ake aunawa, ba daga hudar gindi ba. Bar shi ya zuba har kumfar iska ta fice, sannan ka tara a sirinjin da ka cire wa matoshi ka toshe bakinsa da yatsa, ka ga sakan nawa mililita 20 ke ɗauka. Maimaita, ka mayar da man cikin mazubi kowane karo. Sai ka sauke bakin zuwa santimita 50, sannan 75. Kula kada robar ta lanƙwashe ta matse.

Lissafin hawa uku ne. Matsi shi ne nauyin mita kubik ɗaya na ruwan, sau 9.8, sau tsayin a mita. Litar man gyaɗa kusan giram 910 ce, wato kilo 910 a mita kubik; ka auna naka a sikeli in kana da shi. A santimita 50, matsin ya kai paskal 4,460. Ƙarfin goga a bangon robar shi ne matsi sau rabin faɗi, a raba da ninki biyu na tsawon robar: 4,460 × 0.0015 ÷ 2, kusan paskal 3.3. Saurin zamewa a bango kuma shi ne kwararar kowane sakan sau 4, a raba da 3.14 sau rabin faɗi sau kansa uku. A ce mililita 20 ta ɗauki sakan 113: mililita 0.177 a sakan ke nan, kuma saurin zamewa ya fito kusan 67 a sakan. Raba 3.3 da 67, ka sami 0.05 paskal-sakan, adadin da ya yi daidai da man girki a ɗaki mai ɗumi.

Yi haka ga kowane tsayi, ka zana jadawali: saurin zamewa a kwance, ƙarfin goga a tsaye. Man gyaɗa zai ba ka miƙaƙƙen layi da ya taso daga sifili. Ko ba ka yi lissafi ba za ka gani a agogo: tsayi ya ninku biyu, lokaci ya ragu da rabi. Ruwan da ya yi haka shi ake kira mai bin dokar Newton, kuma lamba ɗaya ta isa ta bayyana kaurinsa a wannan zafin.

Gargaɗi ɗaya: ruwan sha zai ba ka kunya a wannan robar in ka ɗaga shi da yawa. A santimita 50 yana gudu har kwararar ta hargitse, hawa-hawan nan su cakuɗe, lissafin Poiseuille ya daina aiki. Osborne Reynolds ya nuna wannan sauyin a Manchester a 1883 da zaren rini a cikin bututun gilashi. Lambar da ake kira da sunansa ita ce nauyin mita kubik sau sauri sau faɗin bututu, a raba da kauri. In ta haura kusan 2,000 a bututu, kada ka yarda da awonka. Da ruwan sha tsaya a santimita 10 ko ƙasa.

Waɗanda ba sa bin layi

Yanzu kawo miyar kuɓewa da aka tace ta huce, ba 'ya'ya ba gaya. Ninka tsayin, za ka ga kwararar ta wuce ninki biyu. Dogayen zaruruwan da ke ba ta yauƙi a harɗe suke in tana zaune, amma in aka ja su sai su miƙe su bi hanya ɗaya, turjiyar ta ragu. Layinta a jadawali yana tashi da ƙarfi, sannan ya rusuna. Jini ma haka yake, fenti ma haka: yana sakin jiki a ƙarƙashin buroshi, ya kama kansa a bango kada ya zuba. Ga irin waɗannan, lissafin saurin zamewa na sama kimantawa ce kawai, amma lanƙwasar layin ba ta ɓuya. Abin sha'awa, ruwan ƙaro, duk da danƙonsa a hannu, in ba a cika shi da yawa ba yana bin layi kusan miƙe, har ya fi kama da mai a kan kuɓewa. Yana da kyau ɗalibi ya ga haka da idonsa, don ya daina haɗa danƙo da kauri.

Akasin halin kuɓewa ba ya buƙatar roba, hasali ma zai toshe ta. Kwaɓa ɗanyen sitaci, na masara ko na rogo irin na masu wanki, kusan kofi biyu da kofi ɗaya na ruwan sanyi. Nutsa yatsa a hankali, ya shige. Doka shi da sauri, ya tsaya maka kamar ƙasa. Duk macen da ta taɓa ɗibar gasarar da ta kwanta a gindin roba ta san wannan: cokali in ya yi gaggawa sai ta dunƙule ta tsage, in an ɗago ta kuma ta narke ta zuba. Ƙwayoyin sitacin ne ke cushewa da juna in ba a ba ruwan da ke tsakaninsu lokacin gewayawa ba.

Akwai na uku, waɗanda ba sa motsi sam sai ƙarfin goga ya kai wani mizani: man goge baki, laka, kwaɓaɓɓen siminti. Layinsu ba daga sifili yake tasowa ba, daga sama yake farawa. Eugene Bingham na Amurka ne ya siffanta su tun farkon ƙarni na 20. A robarka, koko mai kauri da ya huce zai iya ƙin fita a santimita 25, ya fara rarrafe a 75. Tsayin da ya fara motsi a kai, in ka juya shi zuwa ƙarfin goga da lissafin ɗazu, shi ne mizaninsa. Sai dai koko yana canjawa yana hucewa, don haka jira ya yi sanyin ɗaki kafin ka fara.

Gwaji na biyu: ƙwallon ƙarfe

Zuma ta yi wa robar kauri, za ka kwana kana jira. Ita sai da ƙwallo. Karɓo ƙananan ƙwallayen ƙarfe na cikin ƙafar keke iri biyu, mai faɗin milimita 3.2 da mai 6.4. Cika gorar ruwa mai miƙaƙƙen jiki da zuma, ka bar ta ta kwana kumfa ta taso. Ja layi biyu a jikinta, tazarar santimita 10 ko 20, na sama ya yi ƙasa da saman zumar da kamar santimita 5, na ƙasa kuma kada ya kusanci gindi. Saki ƙwallon a tsakiya, ka auna lokaci tsakanin layukan. Maganaɗisu a jikin gorar zai jawo maka shi sama.

George Stokes ya ba da lissafin a 1851: kauri shi ne 2 sau rabin faɗin ƙwallo sau kansa, sau bambancin nauyin mita kubik na ƙarfe da na ruwan, sau 9.8, a raba da 9 sau saurin faɗuwa. Ƙarfe kusan 7,800 ne, zuma kusan 1,400. In ƙaramin ƙwallon ya ci santimita 20 a sakan 25, saurinsa mita 0.008 a sakan, kaurin ya fito kusan 4.5. Babban ya kamata ya fi shi sauri sau huɗu. Zai gaza kaɗan, kuma laifin bangon gorar ne: gyara saurin kowanne ta hanyar ninka shi da 1 a tara da 2.1 sau faɗin ƙwallo a kan faɗin gora. In bayan gyara ƙwallayen biyu sun ba da kauri ɗaya, zumarka tana bin dokar Newton. Kada ka gwada wannan da ruwan sha ko man gyaɗa. Ƙarfen zai faɗi da gudu, kuma lissafin Stokes na tafiyar hawainiya ne, inda lambar Reynolds ba ta kai 1 ba.

Juyawa ba zamewa ba ce

Wanda zai ci gaba zuwa jami'a zai tarar an faɗaɗa dokar zuwa ruwa mai motsi ta kowace fuska, aikin da Claude Navier ya fara a Faransa a 1822, Stokes ya kammala a Ingila a 1845. Alamomin suna da ban tsoro, amma tunanin ɗaya ne. Motsin ɗan ƙaramin yanki na ruwa kashi uku ne: yana tafiya gaba, yana juyawa a kan kansa, yana kuma canja siffa. Na ukun kaɗai ke haifar da goga. Ɗora kwanon mai a kan abin da ke juyawa da sauri ɗaya: da farko bango yana jan man, amma bayan ɗan lokaci duka suna juyawa tare, ba hawan da ke zame wa ɗan'uwansa, gogar ta mutu ko da juyin na da sauri. Canjin siffa kuma ba zamewa kaɗai ba ne, har da miƙewa. Zaren zuma da ke sauka daga cokali miƙewa yake yi, kuma Frederick Trouton ya nuna a 1906 cewa turjiyar miƙewa ta ruwa mai bin dokar Newton ninki uku ce ta kaurinsa. Ta kuɓewa ta zarce haka nesa ba kusa ba, shi ya sa take sauƙin motsawa a tukunya amma zarenta ya ƙi tsinkewa daga loma.

Zafi, da lambobin jikin galan

Duk awon da ba a rubuta zafinsa ba, aikin banza ne. Ruwan sha yana sauka daga 0.001 a digiri 20 zuwa kusan 0.00065 a digiri 40. Gilisarin ya fi muni: daga 1.4 a digiri 20 zuwa kusan 0.6 a digiri 30. Littattafai galibi lambobin digiri 20 suke bugawa, ajin da ke Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu kuwa ya yi nisa da nan. Ɗalibi zai ga lambarsa ta saɓa wa ta littafi ya zaci ya yi kuskure, alhali ya yi daidai.

Lambobin man inji ma a kan wannan aka gina su. A 20W-50, ta farkon tana magana ne a kan halin man cikin tsananin sanyi, ta biyun a kan kaurinsa a digiri 100. Ƙa'idar SAE, wadda ta tsara waɗannan lambobin, ta ƙara wani awon a digiri 150 da saurin zamewa miliyan ɗaya a sakan, don abin da ke faruwa a cikin inji ke nan: ƙarfe na gudun mita 10 a sakan a kan shimfiɗar mai da ba ta fi kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Man da aka ƙara wa sinadaran riƙe kauri yakan ɗan saki a irin wannan saurin. A ganina, mai mota ya bi lambar da kamfanin motar ya rubuta, ya daina neman mai kauri don kawai ya fi cika hannu.

Masu haƙar rijiyar burtsatse suna da nasu awon, mazurarin Marsh: a cika shi da lakar haƙa, a ƙirga sakan nawa mililita 946 ke ɗauka kafin ta zube. Ruwan sha yana ɗaukar sakan 26. Awo ne mai amfani don gane ko kwaɓin yau ya yi daidai da na jiya, amma lamba ɗaya ce tak daga layi mai lanƙwasa; laka biyu za su iya ba da adadin sakan iri ɗaya a mazurari, ɗaya ta riƙe tsakuwa in famfo ya tsaya, ɗayar ta sake ta ta danne bakin haƙa.

Malamin da zai yi wannan da aji ya fara da man gyaɗa da sitaci a rana ɗaya, ya bar kuɓewa da koko zuwa mako na gaba, bayan hannun yara ya faɗa da awon tsayi da agogo. A yi shi da safe kafin ɗaki ya ɗau zafi, kuma kowane rukuni ya rubuta zafin ruwan a farkon awo da ƙarshensa. In sun bambanta da fiye da digiri 1, a sake.